Yayata tana faɗuwa duk ta shiga makewayi, hoto kuma ya nuna ƙari a mafitsara

Ɗan Mabera: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Don Allah likitocinmu ku ba ni shawara, lamarin ga ya hi ƙarhina. Yayata ta, shekarunta 34, ɗiyanta huɗu. Kusan shekara biyu ke nan, duk ta shiga makewayi ta yi hitsari ba ta hitowa lahiya. Kai shi sara mata awa ana buga guduma, zuciya ta riƙa dukan tara-tara, zuhwa ta jiƙe ta sharkaf ko da cikin hunturu na, hannuwa su yi sanyi suna kyarma. Bayan minti goma ko sha biyar abin shi wuce awa ba ita ba. Sau ukku tana suma cikin makewayi, ɗaya da asuba har ta hwashe goshi. Gida anka ce iska na. Anka yi ruƙya, anka yi hayaƙi, anka sha rubutu. Watan jiya sai ga jini cikin hitsari. Munka kai ta wani asibitin kuɗi, sunka ce tsargiya ta, sunka ba da magani, jinin ya ɗauke ya dawo. Anka yi hoton ciki, anka ga ƙullutu jikin mahitsara, sun rubuta santimita 3. Yanzu sun ce mu kawo ta ranar Talata su sa ƙarhe ta hanyar hitsari su kankare shi a kai gwaji. Har mun biya rabin kuɗi. Ni dai hankalina bai kwanta ba, don ba wanda ya tsaya ya saurari zancen hwaɗuwar nan. Da na ba da labari cewa anka yi tsoro na ka sa ta haka.

Gwaggon Gidan Igwai: Wa alaikumus salam ɗana. Allah shi ba ta lahiya. Amma ni in gaya maka gaskiya, wanga ba ciwon asibiti ba na. Mutum lahiya lau, ba ya hwaɗuwa madahwa, ba ya hwaɗuwa kasuwa, sai makewayi? Ai kowa ya san masu wurin. Ku canza mata makewayi ku gani, kuma ta daina shiga da asuba ba addu'a.

Ɗan Mabera: Gwaggo an canza. Wata biyu ta yi gidan Inna, can ma haka. Ko a fo ta yi cikin ɗaki haka na.

Malamin Islamiyya: Hajiya, addu'ar shiga bayi sunna ce, kuma neman tsari daga shaiɗanu maza da mata ne a cikinta, wannan ba gardama. Ruƙya ma kada a bari. Sai dai hadisi ya inganta a Bukhari cewa Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar mata da magani. Kuma ni ban taɓa jin aljanin da ya tsaya aka ɗauke shi hoto har aka auna shi santimita 3 ba. Abin da na'ura ta gani, a bar wa masu na'ura.

Likitan Karkara: Sannu ƙanena. Ni a gefen Goronyo nake aiki, kuma abin da zan ce daga abin da nake gani kullum ne. Fitsarin jini da ƙari a mafitsara a ƙasar Sakkwato, abu na farko tsargiya, na biyu tsargiya, na uku sankarar da tsargiya ta haifa. Duk wanda ya taso yana wanka a gulbin Rima ko a bakin madatsar ruwa ko yana aikin fadama, ƙwan tsutsar nan yana maƙale a bangon mafitsararsa shekara da shekaru. Wani lokaci ƙwan ne ke taruwa ya yi tudu kamar ƙari, a ba da firazikwantel, miligiram 40 kan kowane kilo na nauyin mutum, tudun ya saɓe. Wani lokaci kuma ya riga ya rikiɗe. Tun 1994 hukumar binciken sankara ta duniya ta sa wannan tsutsa cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankara. Saboda haka kankarewar da suka ce daidai ce, da ita ake sanin ko mene ne. Suma wajen fitsari kuwa sananniyar aba ce: mutum ya tashi daga barci, ya sauke mafitsara a tsaye, jini ya yi ƙasa, ya faɗi. Ku je ranar Talata.

Likitan Mafitsara: Assalamu alaikum. Yanzu na fito daga ɗakin tiyata na ga wannan. Ɗan Mabera, kafin komai amsa min tambaya huɗu. In abin ya taso, fuskarta fari take yi fat ko ja? An taɓa auna jininta a daidai lokacin da abin ke kanta? A cikinta na ƙarshe an ce tana da hawan jini? Wane magani take sha yanzu?

Ɗan Mabera: Ranka shi daɗe, huskar hwari takan yi awa an zuƙe jinin. Ba a taɓa aunawa lokacin ba, in mun kai asibiti ya riga ya wuce, sai su ce jininta lahiya lau. Cikin autanta kam an kwantar da ita, anka ce jininta ya hau ƙwarai har ana tsoron jijjiga. Magani kuma akwai wata ƙwaya da wani mai kemis ya ba ta don bugun zuciya, furofaranolol. Ita ta ce tun da ta hwara sha ciwon kan ya ƙaru.

Likitan Mafitsara: To. Ina roƙonku don Allah, kada a taɓa ƙarin nan ranar Talata. Ko kuɗin ba za su dawo ba, ku bar su. Ban ga mara lafiya ba, ba zan yanke hukunci ta waya ba, amma labarin da ka bayar kamar daga littafi aka karanto shi.

Bari in yi bayani yadda Gwaggo ma za ta bi ni. A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar tsoka zaune kamar hula. Ita ke zubo sinadarin da ke sa in kare ya biyo ka zuciyarka ta buga, jininka ya hau, zufa ta karyo: adirenalin da ɗan'uwansa noradirenalin. Irin ƙwayoyin da ke yin wannan sinadari ba a nan kaɗai suke ba, akwai 'yan tsiraru warwatse a jikin jijiyoyi, har da cikin bangon mafitsara. In waɗannan suka yi ƙari, sunansa faragangiliyoma. A mafitsara, a 1953 aka fara ba da rahotonsa, Zimmerman da abokan aikinsa. Ba shi da yawa ko kaɗan, cikin ƙari 1,000 na mafitsara bai kai ɗaya ba.

Ƙarin yana binne cikin tsokar mafitsara. Duk lokacin da mafitsara ta matse don fitar da fitsari, sai ta matse shi kamar yadda ake matse lemon tsami, sinadarin ya kwarara cikin jini gaba ɗaya. Jini ya yi sama, kai ya sara, zuciya ta buga, jijiyoyin fata su tsuke fuska ta yi fari. Jiki ya narkar da sinadarin cikin mintoci, komai ya lafa. Shi ya sa ba ta faɗuwa a madafa ko a kasuwa, Gwaggo. Ba wurin ba ne, fitsarin ne.

Yanzu ku ɗauka an sa ƙarfe mai wuta ana kankarar wannan abu, an cika mafitsara da ruwa, ba a shirya ba. Abin da matsar fitsari ke zubowa kaɗan ne a kan wannan.

Anti Mai Allurar Barci: Likita ya faɗi gaskiya, kuma mu da ke tsaye a kan mara lafiya mu ne muka san tashin hankalin. Jini yana iya wuce 250 cikin minti ɗaya, bugun zuciya ya rikice, ruwa ya cika huhu, ko jijiya ta fashe a ƙwaƙwalwa. Mace mai shekara 34 ta shigo da ƙafarta don ƙaramin aiki. Ni in aka kawo min mai ƙari a mafitsara, kafin in taɓa sirinji sai na tambaye shi da bakina: in ka yi fitsari kana jin wani abu? Tambayar ba ta cin ko sisi.

Likitan Karkara: Yallaɓai, da girmamawa. Ku na birni kuna son cutar da ake rubuta takarda a kanta. Kai da kanka ka ce bai kai ɗaya cikin 1,000 ba. Shekaruna fiye da goma a karkara ban ga ko ɗaya ba, amma masu sankarar tsargiya da suka zo a makare ba na iya ƙirga su. Abin da ke kashe mutanenmu jinkiri ne. Yanzu za ka tura talaka gwajin da sai an aika jini wani gari, ya sayar da akuya, a jira sati biyu ko uku, in kuma sankara ce tana ci gaba da cin ta.

Likitan Mafitsara: Abokina, ban musa maka ko ɗaya ba. Da namiji ne ɗan shekara 55 daga Wurno ko Kwalkwalawa, mai fitsarin jini da tsoka-tsoka a ciki, ba ciwon kai ba zufa, da ni zan fara cewa a kankare gobe. Ɗaya cikin 1,000 lissafin duk masu ƙari ne. Amma cikin masu ƙari a mafitsara waɗanda kansu ke sarawa, zufa ta karyo, fuska ta yi fari duk sun yi fitsari, kuma jininsu ya hau a ciki na ƙarshe, nawa ne lissafin? Suman fitsari da ka ambata jini ƙasa yake yi, yawanci maza ne da dare, kuma ba ya zuwa da sarawar kai ta minti goma. Sannan ka ce ba ka taɓa gani ba. Ni ma da na ga na farko, ba ni na gano shi ba, na'urar awon jini ce ta gaya mana ana tsakiyar aiki, kuma ba na fatan in sake ganin rana irin wannan.

Ga gwajin da ba sai an sayar da akuya ba. Ɗan Mabera, ku samo na'urar awon jini ta gida. Ta zauna ta huta minti biyar a auna. Ta yi fitsari a fo, a zaune, wata na kusa da ita, kada a kulle ƙofa. Da ta gama a sake aunawa nan take, a kuma bayan minti biyar, a kuma bayan minti ashirin. A rubuta har da bugun zuciya. Ba wai ku matsa mata mara ko ku sa ta riƙe fitsari don abin ya taso ba, fitsarinta na kullum kawai.

Mai Kemis, Runjin Sambo: Ni inda hankalina ya tsaya furofaranolol ɗin nan. Abokan sana'ata, mu ji tsoron Allah, ba kowane bugun zuciya ake miƙa wa wannan ƙwaya ba. Sinadarin da Likita ya faɗa ƙofa biyu yake bi: ɗaya tana tsuke jijiyoyin jini, ɗaya tana zaburar da zuciya tana kuma ɗan buɗe jijiyoyi. Furofaranolol ta biyun yake rufewa. Sai jijiyoyi su tsuke ba mai sassauta su, zuciya kuma an ɗaure mata hannu. Shi ya sa ta ce ciwon kan ya ƙaru, ba ƙarya take ba. Amma kada ku yanke shi da kanku dare ɗaya, ku kai wa likita kwalin gobe shi zai tsara. Kafin nan ta nisanci maganin amai metokulofiramaid, maganin mura masu buɗe hanci, da ƙwayoyin ƙiba irin su deksametazon da mata ke sha. Duk suna iya tayar da abin.

Gwaggon Gidan Igwai: Ikon Allah. To ni na yi shiru, amma ruƙya dai kada a bari.

Ɗan Mabera: Jama'a ina kwananku. Mun aro na'ura wurin maƙwabcinmu mai hawan jini. Da asuba kahin ta yi hitsari: 128/82, bugu 84. Tana gamawa: 214/118, bugu 131. Bayan minti biyar 176/102. Bayan minti ashirin 134/86. Munka sake da hantsi, kusan haka. Inna da ta ga lambobin sai ta hwashe da kuka, ta ce shekara biyu ana ce ma ɗiyarta mai iska.

Likitan Karkara: Na sallama, Yallaɓai. Na'urar nan tana kan teburina kullum, ban taɓa tunanin in bi mara lafiya da ita ƙofar bayi ba. Amma ina nan kan bakata a abu ɗaya: a duba fitsarinta a nemi ƙwan tsargiya. Mutum yana iya ɗaukar biyu.

Likitan Mafitsara: Wannan haka yake, a duba. Ɗan Mabera, ku ɗauki takardar lambobin nan da hoton ku tafi asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, akwai cibiyar mafitsara da ƙoda a can. Aikin nan ba na mutum ɗaya ba ne: sai likitan mafitsara, da likitan sinadaran jiki, da masu allurar barci, da gado a ɗakin kulawa ta musamman. Abin da zai biyo baya shi ne gwajin metanefirin, a jini ko a fitsarin awa 24, sai hoton CT ko MRI na ciki da ƙugu, a ga zurfin ƙarin, a ga ko akwai wani a wani wuri, a duba kaluluwar da ke kewaye. In ana zargin ya bazu akwai hoton da ake yi a sashen nukiliya, irin wanda ke Ibadan da Abuja. In ma za a leƙa mafitsara da kyamara, bayan an shirya ta ne, kuma kallo kawai, ba tsinka ba. Yawanci abin da ake gani tudu ne mai santsi, fatar ciki ta lulluɓe shi lafiya lau, ba kamar sankarar da muka saba gani mai kama da kan farin kabeji ba.

Ɗan Lab: In ƙara a kan gwajin, don a nan ake asarar kuɗi. Ba adirenalin ɗin kansa ake nema ba, shi zuwa yake ya wuce. Abin da ya rikiɗe ya zama ake aunawa, metanefirin da nometanefirin, don ƙarin yana tsiyayar da su dare da rana ko abin bai taso ba. Na mafitsara yawanci nometanefirin ne ke hawa. In na jini ne, da safe ba ta ci komai ba, ta kwanta rigingine minti 20 zuwa 30 kafin a ɗiba, a sa cikin ƙanƙara nan take. A zafin Sakkwato, jinin da aka ɗora a mota ba ƙanƙara sunansa ruwa. In na fitsari ne, na farko da safe a zubar, daga nan duk ɗigon da ta yi a tara har na safiyar gobe. A robar da lab ta bayar, ba galan ɗin manja ba, a ajiye wuri mai sanyi. In an ce akwai asid a robar, kada ta yi fitsari kai tsaye a ciki, kuma a kawar da ita daga yara. Goro, kofi da shayi mai kauri a ɗaga musu ƙafa, kuma a faɗa wa lab duk maganin da take sha, musamman maganin damuwa amitiriftilin, yana ɗaga sakamako a banza.

'Yar Arkilla: Salamu alaikum, ku yi haƙuri in shigo da tawa. Babanmu shekararsa 67, ya sha taba sama da shekara talatin kafin ya bari. Shi ma fitsarin jini, an kankare, sakamako ya fito an rubuta wata kalma niyuro-endokirin da kuma sankara mai ƙananan ƙwayoyi. Da na karanta bayanin Likita sai na ji sanyi, na ce ashe cirewa kawai za a yi. Amma likitansa ya ce sai an fara ƙarin ruwan sankara kafin aiki. Yayyena sun ce jan rai ne, a cire kawai a huta. Iri ɗaya ne da na yayar Ɗan Mabera?

Likitan Mafitsara: Allah ya ba Baba lafiya. Ƙanwata, ba zan ɓoye miki ba, sunan gida ɗaya ne amma hali ba ɗaya ba. Wannan gida a mafitsara 'ya'ya huɗu gare shi: faragangiliyoma da muke magana, sai wani mai tafiyar hawainiya da ake kira kasinoyid wanda yawanci ƙarami ne kuma kankarewa kan isar masa, sai mai manyan ƙwayoyi, sai mai ƙananan ƙwayoyi irin na Baba. Na ƙarshen nan bai kai ɗaya cikin 100 na sankarar mafitsara ba, a 1981 aka fara bayyana shi, ya fi kama dattawa maza masu tarihin taba, kuma ɗan'uwan wanda ke kama huhu ne. Ba ya tayar da jini wajen fitsari. Matsalarsa sauri. Tun ƙarin yana ƙarami 'ya'yansa sun riga sun shiga jini, suna neman hanta da ƙashi da kaluluwa, ko hoto bai nuna ba.

Don haka likitansa ya yi daidai. In aka fara da wuƙa, an cire uwar an bar 'ya'yan, kuma sai Baba ya yi makonni yana jinyar aiki kafin ya iya ɗaukar magani, su kuwa ba jira suke ba. Abin da ya sa ake farawa da ruwan shi ne irin wannan sankara tana jin magani sosai da farko. Sisfilatin da etofosaid ake haɗawa, duk sati uku, yawanci zagaye huɗu, sannan a cire mafitsara ko a gasa wurin da na'ura. Sisfilatin yana son ƙoda mai lafiya, in tasa ta yi rauni sai a koma kabofilatin. Ki gaya wa yayyenki wannan ba irin sankarar tsargiya ba ce, wadda ita ba ta cika jin ruwa ba shi ya sa ake garzayawa aiki. Kowace da hanyarta. Ciwo ne mai nauyi, ku zauna da likitansa ku tambaye shi matakin da ya kai, kuma kada ku tsallake zagaye ko ɗaya don kun ga jini ya tsaya.

Ɗan Lab: Hajiya, ki tambaya ko an yi wa naman rini na musamman, sinaftofaisin da kuromogiranin, ko da ido kawai aka karanta. Kuma ku sani naman da aka cire yana nan a daskare cikin ɗan tubalin kaki a lab, kuna iya nema a kai wani wuri a sake dubawa. Wannan ya shafi Ɗan Mabera ma. Faragangiliyoma da wuta ta ƙona wajen kankara yana iya kama da sankarar mafitsara ta yau da kullum a madubin lab, har rinin GATA3 duka biyun suna kamawa. Abin da ke raba su, shi yana kama kuromogiranin, ba ya kama keratin. In aka yi kuskure a nan, sai a cire wa mace mafitsara ɗungurungum alhali yanki kaɗan ya isa.

'Yar Arkilla: Na gode ƙwarai. An yi rinin, yana cikin takardar. Zan tura wa babban yayanmu wannan, shi ne mai taurin kan.

Mai kula da zaure: Na goge saƙon wanda ya sa lambar waya yana tallar maganin narkar da ƙari cikin kwana bakwai. In ya sake, waje.

Ɗan Mabera: Jama'a kwana biyu. Sakamako ya hito, nometanefirin ya ninka iyaka sau da yawa. CT ya nuna ƙarin ɗaya na, saman mahitsara, bai taɓa komi ba. Ƙwan tsargiya ba a gani ba. Sun ɗora ta bisa doksazosin, maganin buɗe jijiyoyin jini, sun ce sai ta yi sati biyu kahin aiki. Abin da ya ɗaure muna kai, sun ce ta riƙa cin gishiri da shan ruwa da yawa. Mai hawan jini da gishiri? Inna ta ce ko likitan ya yi kuskure na. Kuma tana koken jiri in ta miƙe, hanci ya toshe.

Anti Mai Allurar Barci: Ka gaya wa Inna ba kuskure. Shekara biyu jijiyoyinta suna tsuke, ruwan da ke cikinsu ya ragu. Yanzu magani ya buɗe su, sun zama kamar babban tiyo da ruwa kaɗan, shi ne jirin. Gishiri da ruwa su ke cika su. In ba a cika ba, daidai lokacin da likita ya ɗaure jijiyar ƙarin ya cire shi, sinadarin zai yanke ɗif, jini ya faɗi ƙasa warwas. Mu tsoronmu biyu ne a aikin nan: hawa kafin a cire, faɗuwa bayan an cire. Sukari ma yakan faɗi, shi ya sa za ka ga ana ta tsaga mata yatsa a daren farko. Toshewar hanci alamar maganin yana aiki ce, kada ta sa maganin mura. Ta riƙa tashi a hankali, ta zauna bakin gado tukuna. In bugun zuciya ya yi yawa, yanzu ne za su iya ƙara mata irin ƙwayar da mai kemis ya fara ba ta, bayan an buɗe jijiyoyi, ba kafin ba. Kuma a kiyaye ɗaukar ciki har a gama. Cikin autan nan Allah ne ya tsare.

Gwaggon Gidan Igwai: Likita, na ji ana cewa abin gado na. Uwayensu auren zumunci sunka yi? Don mu nan komi ya hwaru sai a ce zumunci.

Likitan Mafitsara: Gwaggo, kusan kashi ɗaya cikin uku na masu irin wannan ƙari, ko fiye kaɗan, gadonsa suka yi. Amma ba irin gadon sikila ba ne da sai uwa da uba sun haɗu. Daga ɗayansu kaɗai yake zuwa, ko bare aka aura, don haka kada a ɗora wa zumunci. Nau'in gadon da aka fi sa wa ido a na mafitsara sunansa SDHB, saboda masu shi ƙarin ya fi yawan bazuwa. In tana da shi, kowane ɗa nata rabi da rabi ne, kuma ba duk wanda ya gada ne zai yi ƙari ba. In da hali a yi gwajin. In babu, Ɗan Mabera, kai da 'yan'uwanka ku riƙa auna jini, ku kuma bincika ko a dangi akwai wanda ya yi hawan jini yana matashi ko ya faɗi ya rasu ba ciwo.

Ɗan Mabera: Alhamdu lillahi jama'a. An yi aiki yau kwana goma sha shida. Sun yanke wurin da ƙarin yake da ɗan kewayensa sunka ɗinke, mahitsara tana nan. Kwana ɗaya ta yi ɗakin kulawa, sun ce jini ya yi wasa lokacin aikin amma sun riƙe shi. Gwajin nama ya tabbatar, kuma bakin yankan ya hita tsab. Shekaranjiya anka cire robar hitsari. Jiya da asuba ta shiga makewayi, Inna na tsaye bakin ƙohwa da na'ura awa ɗan sanda. Ta hito tana dariya. 118/76.

Likitan Mafitsara: Masha Allah. Ka karanta mata wannan da kyau: ba a sallame ta ba. Cikin sati biyu zuwa shida bayan aiki a maimaita metanefirin, a tabbatar ya sauka. Daga nan duk shekara. Madubi ba ya iya rantsuwa cewa wannan ƙari ba zai dawo ba, yana iya ɓullowa bayan shekara goma ko fiye, kuma mai shekarunta da ƙari a wajen hular ƙoda bibiyar ta har ƙarshen rai ce. Ta zaɓi wata ɗaya da ba za ta manta ba, ko bayan ƙaramar salla, ta riƙa zuwa. Fitsari zai riƙa matsa ta akai-akai na ɗan lokaci don mafitsarar ta ragu, za ta saki.

Likitan Karkara: Barka. Ni kuma na sa an ƙara layi ɗaya a katin masu fitsarin jini a wurinmu: ciwon kai ko zufa bayan fitsari, e ko a'a. 'Yar Arkilla, ya jikin Baba?

'Yar Arkilla: Da sauƙi Likita, ya gama zagaye na biyu, jini ya tsaya. Gashi ya zube, abinci sai lallashi, kunu kaɗai yake karɓa. Ranar Alhamis za a duba ƙodarsa kafin na uku.

Ɗan Mabera: Allah shi ba Baba lahiya. Mai Kemis, nawa na'urar awon jini take wurinku yanzu? Maƙwabcinmu ya aiko yaro sau biyu, Inna ta hana.